Died of, died from ko died with: wanne ake sawa in za a faɗi sanadin mutuwa da Turanci

Mu dai a wajenmu in mutum ya rasu ba a tsayawa dogon turanci, a yi masa wanka a yi masa sutura a sallace shi a kai shi makwancinsa, sau da yawa kafin la'asar an gama komai, in ka tambayi me ya same shi a ce maka kwana ne ya ƙare, shikenan. Amma duk wanda ke zaune a Legas ya san bayan an share makoki akwai wani zagaye na biyu da ke jiran iyalan mamaci, zagayen takardu, kuma shi wannan ba ya jin Hausa. Banki na son wasiƙa, kamfanin da marigayin ke gadi a Apapa ko Ikeja na son wasiƙa, 'yan fansho na so, kotu na son rantsuwa a rubuce, ko sanarwar da 'yan kasuwa za su fitar a Mile 12 ko Alaba Rago in ana so abokan hulɗa Yarbawa da Igbo su karanta dole sai da Turanci. Toh a nan ne ake nemo wani yaro da ya yi sakandare a ce rubuta mana, shi kuma ya rubuta he died sai biro ya tsaya, of zai sa ne ko from ko with ko by ko in, waɗannan 'yan ƙananan kalmomin da malaman Turanci ke kira preposition.

Abun da aka koya wa yawancinmu a makaranta shi ne in cuta ce ka sa of, in rauni ne ko wani abu da ya zo daga waje ka sa from. He died of malaria, she died of cancer, amma he died from his injuries. Wannan ƙa'idar ba ƙarya ba ce, kuma in kana zana jarabawar WAEC ko JAMB aka kawo maka cuta aka ce cike gurbi, ka sa of ka wuce abunka, shi mai makin ke jira. Sai dai a wajen masu harshen kansu katangar ba ta kai tsayin da malamanmu suka nuna mana ba. Sojojin Ingila tun zamanin yaƙin duniya suna rubuta died of wounds a kan sojan da ya ji rauni a fagen daga ya cika daga baya, kaga rauni ne amma of suka sa. Sannan ka buɗe jaridun Ingila ko na Amurka za ka ga died from cancer ba adadi kuma ba wanda ya ce an yi kuskure. Asali ma a tsohon Turanci of da off kalma ɗaya ce, ma'anarta rabuwa ko fitowa daga wani abu, wato kusan aikin da from ke yi yanzu, don haka ba abun mamaki ba ne su riƙa shiga gonar juna. Ɗan bambancin da ya rage na kunne ne kawai: of ya fi zama da abun da ya ci mutum kai tsaye, cuta, yunwa, ƙishirwa, tsufa, shi kuma from ya fi zama in akwai tazara tsakanin abun da ya faru da mutuwar, an buge mutum yau ya yi sati biyu a asibiti sannan rai ya yi halinsa, he died from injuries sustained in the accident. Akwai wuraren da of ya kafe ba a taɓa shi, kamar died of natural causes da died of old age, wanda shi ne ma aka rubuta a takardar mutuwar Sarauniya Elizabeth ta Ingila da ta rasu a 2022 tana da shekara 96, old age kawai.

Ni a ganina lokacin da muke ɓatawa kan of da from asara ne, don duk wanda ka ɗauka a cikinsu magana ɗaya ka faɗa, cewa abu kaza shi ya kashe wane. Inda ake zamewa a faɗi abun da ba a yi niyya ba yana wajen sauran.

Ɗauki with. Bahaushe zai ce da ciwon nan ya rasu, ko da ciwon suga ta tafi, kuma duk mai jin Hausa ya gane ciwon ake ɗora wa. Sai yaro ya ɗauko wannan da ɗin ya mayar with, he died with diabetes. A Turanci wannan jimlar ba ta ce suga ya kashe shi ba, cewa ta yi yana ɗauke da ciwon lokacin da ya rasu, ƙila mota ce ta kaɗe shi a Oshodi. Da can ba kowa ke kula da wannan ba sai da korona ta zo. A nan Legas aka fara samun mai ɗauke da ita a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu 2020, kuma cikin 'yan watanni duniya ta kaure da gardamar died of Covid da died with Covid. A Ingila a lokacin akwai wani ƙidaya da gwamnati ta riƙa fitarwa na duk wanda ya mutu cikin kwana 28 bayan gwaji ya nuna yana da cutar, ko da me ya kashe shi, sai masu suka suka ce ai waɗannan with ne kuke ƙirga mana a matsayin of, su kuma likitoci suka ce ku duba takardun mutuwa za ku ga mafi yawansu cutar ce ta ja su. Ba shiga wannan rigimar zan yi ba, nuna maka kawai nake cewa manyan ƙasashe sun yi ta cacar baki a kan wannan 'yar kalmar. Da Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin, ya rasu a wani asibiti a Legas ranar 17 ga Afrilu 2020, lafazin da ya fi yawo shi ne complications from Covid-19, wato cutar ta buɗe ƙofa wasu matsalolin suka biyo baya suka ƙarasa, irin wannan lafazin aka yi amfani da shi a 1997 lokacin da Fela ya rasu, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa zama ministan lafiya, ya fito ya faɗa wa duniya cewa cutar ƙanjamau ce sanadi, abun da a wancan lokacin ba kowane gida zai iya furtawa ba.

Sai for, kuma wannan tarkon namu ne na 'yan Legas musamman, wanda ke Kano ko Sakkwato bai cika faɗawa ba. A burokin for yana nufin wuri, e dey for house, e die for hospital, e die for road, haka muke ji kullum a tasha da kasuwa har kunne ya saba. Amma a Turancin takarda died for na nufin mutum ya ba da ransa saboda wani abu, he died for his country, she died for her faith. In ka rubuta my brother died for Lagos ka mayar da ɗan'uwanka wanda ya sadaukar da rai domin jihar Legas, alhali kai so kake ka ce a Legas ya rasu, died in Lagos. Haka died out of hunger da wasu ke rubutawa, ba a faɗin haka, of hunger ake cewa, kuma died out ita kanta tana da wata ma'ana daban, ƙarewar iri gaba ɗaya kamar a ce wata dabba ta ɓace daga doron ƙasa.

Shi kuwa in na Turanci aikinsa faɗin wuri ne ko lamarin da mutuwar ta auku a cikinsa, died in a car crash, died in a fire, died in hospital, died in his sleep, died in childbirth ga matar da ta rasu a kan gwiwa. Da jirgin Dana ya faɗo a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yuni 2012 mutum 153 da ke cikinsa duk suka rasu, died in the crash aka ce, ba of the crash ba, don haɗari ba cuta ba ce da ke zama a jiki, lamari ne da ya rutsa da mutum. Amma shi in ɗin nan na da wata dabara, yana faɗa maka inda abun ya faru ba tare da ya ce ga abun da ya yi kisan ba. Ka tuna tashin bama-baman barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, wanda manyanmu na Agege da Oshodi har yau in suka tuna sai sun girgiza kai. Sama da mutum 1,000 suka mutu, kuma da yawansu wuta ko ɓaraguzai ba su taɓa su ba, gudun ceton rai suke cikin duhu suka afka ruwan Oke-Afa da ciyawa ta rufe samansa. In ka ce they died in the Ikeja bomb blast disaster ba ka yi ƙarya ba, amma in ka ce they died from the explosion a kan waɗannan ka kauce, abun da ya faru da su shi ne they drowned. Irin wannan ne died in custody, da aka ce MKO Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998, lafazin ya faɗi halin da yake ciki ya bar tambayar me ya kashe shi a buɗe, shi ya sa 'yan jarida da lauyoyi ke son shi, ba wanda zai maka su kotu a kansa.

By na hanya ne, yadda aka yi abun ya faru, died by drowning, died by hanging, died by electrocution. Ba a cewa died by malaria. In kana so ka sa by da cuta ko mota ko mutum sai ka canza aikatau ɗin gaba ɗaya ka ce was killed by, killed by a trailer, killed by gunmen, kuma wannan ya fi kusa da yadda mu muke magana, tirela ta take shi, zazzaɓi ya kashe shi. Kisan manya kuma na siyasa yana da kalmarsa, Janar Murtala da aka harbe a Ikoyi ranar 13 ga Fabrairu 1976 was assassinated ake cewa, ba wanda zai rubuta died of bullets. Akwai kuma died by suicide da jaridu da likitocin ƙwaƙwalwa suka koma amfani da shi maimakon committed suicide, dalilinsu shi ne commit kalma ce da ke tafiya da aikata laifi a gaban doka, Ingila kuma ta cire abun daga jerin laifuka tun 1961. Wannan sauyin lafazi ne na aikin jarida da asibiti, bai taɓa hukuncin da addini ya yi a kai ba, kar wani ya ce na ce.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne yawa a sanarwar rasuwa a ƙasar nan, after. After a brief illness, after a protracted illness, mu ma muna da namu, bayan gajeruwar rashin lafiya, bayan doguwar jinya. Wasu 'yan boko na raina shi wai ɓoye-ɓoye ne, ni kuwa ina ganin a mafi yawan lokuta shi ne ya fi kowanne gaskiya. After bai ce komai kan sanadi ba, ya ce wannan ya faru sannan wancan ya biyo. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutum nawa ne a cikinmu ake sanin takamaiman abun da ya kashe su? Mutum ya yi zazzaɓi kwana uku a ɗakinsa a Idi-Araba, ga asibitin koyarwa na LUTH nan a bakin ƙofa amma bai je ba, ya sayi magani a kemis ya sha, da asuba aka tarar ya cika, aka kai shi kafin azahar, ba gwaji ba komai, sai ka ga an rubuta he died of malaria ko of typhoid saboda duk zazzaɓi a wajenmu ɗayan biyun nan ne. Wanda ya rubuta of ya yi da'awar da likita kaɗai ke da hurumin yi. Wanda ya rubuta after a brief illness ya tsaya iya saninsa. Ga kuma sutura, ba kowane ciwo iyali ke son a baza a Facebook ba kuma haƙƙinsu ne.

Sai dai after na iya cizo ta wata fuskar. In ka rubuta she died after taking an injection at the clinic, a zahirin lafazi ba ka zargi kowa ba, amma duk wanda ya karanta zai fahimci allurar ce, ka jefi mai asibitin ka ɓoye hannu. In kuma ka ce died from the injection ko died through negligence ko died at the hands of wane, toh ka fito fili ka yi tuhuma, sai ka shirya hujja don lauyoyin Legas ba sa wasa da ɓata suna. Jihar Legas na da dokar binciken gawa ta 2007 da ta tanadi cewa mutuwar da ta zo ba zato ko ake da shakku a kanta a kai ta gaban mai binciken sanadin mutuwa, kuma har sai an kammala wannan ba wanda ke da ikon sa of ko from da ƙarfin gwiwa. Na san yanka gawa abu ne da mutanenmu ba sa so ko kaɗan, ana ta roƙo a ba mu gawarmu mu rufe, ban ga laifin kowa ba, amma a sani in aka rufe ba bincike an rufe har da damar cewa ga abun da ya kashe shi a hukumance.

Wanda ya taɓa riƙe takardar shaidar mutuwa ta asibiti zai ga su likitoci ma ba su dogara da of da from ba. Fom ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara layi-layi ne, a layin farko a rubuta abun da ya ƙarasa mutum kai tsaye, ƙarƙashinsa due to, sai abun da ya jawo wancan, a sake due to, har a kai tushe, kuma layin ƙarshe shi ake ɗauka a matsayin ainihin sanadi in za a yi ƙididdiga. Misali jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, due to hawan jini na shekaru. Sannan akwai kashi na biyu a ƙasa inda ake sa wasu cututtukan da suka taimaka amma ba su ne a kan layin ba, nan ne kusan mazaunin with ɗin nan. Shi ya sa ma ake hana likitoci rubuta cardiac arrest shi kaɗai, don tsayawar zuciya ba sanadi ba ne, kowa da ya mutu zuciyarsa ta tsaya, tambayar ita ce me ya tsayar da ita. Mu kuwa mun ɗauke shi wani babban ciwo, he died of cardiac arrest, har muna haɗa shi da heart attack alhali ba ɗaya ba ne, shi heart attack toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini ne. Wani lafazin da za ka gani a asibitocin nan shi ne brought in dead, suna taƙaita shi BID, ma'ana gawa aka kawo musu, kuma in an rubuta haka likitan bai ga jinyar ba balle ya ce ga sanadi.

Inda duk wannan ke komawa kuɗi shi ne wajen haƙƙin ma'aikaci. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ita wannan ba ruwanta da inda aka mutu. Amma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita tana duba ko mutuwar ta faru ne a bakin aiki ko ta dalilinsa. Toh ka ɗauka mai gadi ne ko lebura a wajen gini a Lekki, ya faɗo daga bene, aka kai shi asibiti ya yi kwana goma ya cika. In yaron da aka sa rubutu ya ce he died in hospital after a brief illness saboda shi ne lafazin da ya saba gani, ya goge faɗuwar da hannunsa, takarda ta nuna ciwo ne ya zo masa daga Allah kamar kowa. Abun da ya kamata ya fito shi ne he died from injuries sustained in a fall at work, da ranar faɗuwar da ranar rasuwar. Kuma died at work shi kaɗai ma bai isa ba, at wuri kawai ya faɗa, mutum na iya rasuwa a wajen aiki da ciwon da ya zo da shi daga gida. Ba na cewa jimla ɗaya ce za ta sa a biya ko a hana, takardar likita ita ce gaba, amma wasiƙar iyali in ta saɓa da ta likita ka ba ma'aikacin ofis dalilin ce maka ka dawo wani satin, kuma ka san dawo wani satin Legas, kuɗin mota daga Agege zuwa Ikoyi kaɗai ya ishe ka.

Don haka in aka miƙo maka biro, kafin ka fara tunanin of ko from ka fara tambaya akwai takardar asibiti? In akwai, kwafi abun da likita ya rubuta harafi da harafi, ka sa of a gaban cuta, from a gaban rauni ko complications, kar ka ƙara naka. In babu, ka tsaya a kan abun da ido ya gani, after a brief illness, ko in a road accident along Lagos-Ibadan Expressway, da kwanan wata, on kafin rana, in kafin wata ko shekara, at kafin shekarun mamaci, he died on 4 March at the age of 52. Rajistar mutuwa kuma a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake yinta, kuma takardarsu daban take da ta asibiti, wasu ofisoshin sai sun ga duka biyun, gara ka nemi kowacce tun da wuri ka yi hoto-kwafi da yawa ka ajiye asalin a gida.